Daga Maraɗi zuwa Andahuaylillas: yadda ake ziyartar tsohuwar majami'ar tsaunukan Andes

Andahuaylillas ƙaramin gari ne a ƙasar Peru, kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kusko, kuma a nan tsohuwar majami'ar San Pedro take. Daga Yamai ko Kano jirgi zai kai ka Lima, babban birnin Peru, bayan sauyi a hanya, daga nan zuwa Kusko bai kai awa ɗaya da rabi ba. Ka nemi biza tun da wuri, ka riƙe katin allurar shawara.

Tsayin wurin ne ke fara kayar da baƙo. Maraɗi ba ta kai mita 400 sama da teku ba, Kusko kuwa tana wajen mita 3,400, iskarta ba ta ƙosar da huhu. Ciwon kai da haki da rashin barci duk daga nan suke. Ka yi kwana biyu kana hutawa, ka sha ruwa da yawa, ka rage tafiyar sauri. Za a ba ka shayin ganyen koka, amma kada ka saka ganyen a jaka lokacin dawowa: a yawancin ƙasashe laifi ne.

Da safe daga Kusko ka shiga motar garin Urkos, ka ce a sauke ka a mashigar Andahuaylillas. Tafiyar kamar awa ɗaya ce. Ka tanadi canjin sol, kuɗin ƙasar, da rigar sanyi, don daga Mayu zuwa Satumba babu ruwan sama sosai, amma dare da asuba akwai ɗari.

Majami'ar San Pedro ba ta da wani kwarjini daga waje, ginin ƙasa ne mai kauri irin namu na tubali. Ciki ne abin kallo. Bango cike yake da zane, ciki har da aikin mai zane Luis de Riaño na ƙarni na 17, bagadi kuma an lulluɓe shi da zinariya. Ka ɗaga kai ka dubi rufin: salon ado ne da Sifaniyawa suka gada daga maginan Musulmin Andalus. Masu sauri sukan wuce shi. An hana ɗaukar hoto a ciki, kada ka gwada. Tikitin haɗaka yana shigar da kai majami'un Huaro da Kaninkunka, duk a hanyar Urkos.

Wajen abinci ka tambaya kafin ka ci. Soyayyen naman gefen hanya galibi alade ne, chicha, wani abin sha na masara, kuma tana bugarwa. Dafaffiyar masara da cuku, kifi, ko burodin garin Oropesa sun wadatar.