Yadda Ake Shirya Gasar Ƙirƙirarriyar Basira a Jami'a

Tun daga ranar 30 ga Nuwamba, 2022, da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT ga jama'a, ɗaliban jami'o'i suka rungumi manhajojin da ke rubuta maƙala, su zana hoto, su tsara umarnin kwamfuta, tun kafin hukumomin makarantunsu su yanke shawarar yadda za su ɓullo wa lamarin. Jami'ar da ke son wannan ɗoki ya zama ƙirƙira mai amfani za ta iya shirya gasa, sai dai wannan fasaha tana da wani hali da ke iya ɓata gasar tun daga tushe: abu ne mai sauƙi a haɗa abin da zai burge 'yan kallo na minti biyar a kan allo, amma ya gaza da zarar ya shiga hannun mai buƙatarsa. Matakan da ke tafe an tsara su ne domin toshe wannan kafa.

Mataki na farko: a samo matsala kafin a fitar da sanarwa

Kwamitin shirya gasa ya fara da zagayawa cikin jami'ar, ya zauna da ma'aikatan ɗakin karatu, da ofishin magatakarda, da masu kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman, da malaman da ke koyar da manyan azuzuwa, ya tambaye su aikin da ya fi cinye musu lokaci. Daga nan ake zaɓar matsaloli uku ko huɗu, a rubuta kowace a shafi guda, tare da sunan ofishin da ya kawo ta da kuma alƙawarin cewa zai gwada abin da aka samar. Misali, manhajar da za ta amsa tambayoyin sababbin ɗalibai daga kundin dokokin jami'a kaɗai, ko wadda za ta mayar da laccar da aka naɗa ta koma rubutu saboda ɗalibin da ba ya ji, ko wadda za ta taimaka wajen fassara darasi zuwa harshen da ba shi da yawan rubuce-rubuce a intanet. Sanarwar da ta tsaya kan cewa "a ƙirƙiro wani abu da basirar na'ura" ba ta cika haifar da komai ba sai tarin manhajojin hira masu kama da juna, domin kowa zai bi hanyar da ta fi sauƙi.

Mataki na biyu: a tsayar da ma'auni, a kuma ɓoye jarrabawar

A nan ne ya kamata kwamiti ya fi daɗewa, kuma a ganina wannan matakin shi ne gasar kanta. Gasannin da suka ciyar da wannan fanni gaba duk sun dogara ne da ma'aunin da aka bayyana tun farko. A gasar ImageNet ta 2012, wadda ta shafi koya wa kwamfuta gane abin da ke cikin hoto, an ba masu fafatawa hotuna sama da miliyan ɗaya da aka kasa gida dubu domin su horar da manhajojinsu, sannan aka auna su da wasu hotunan da ba a nuna musu amsarsu ba. Tawagar Jami'ar Toronto, wato Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton, ta yi kuskuren kashi 15.3 cikin ɗari, mai bi mata kuwa ta yi 26.2. Ba a buƙaci wani dogon jawabi ba kafin masana su gane cewa sabuwar hanya ta zo, tun da alƙaluma sun nuna.

Auna manhajar da ke samar da rubutu ya fi wannan wuya, saboda tambaya guda tana iya samun amsoshi masu kyau da yawa, amma ana iyawa. Ga kowace matsala, ofishin da ya kawo ta ya tanadi tambayoyi ko ayyuka kamar ɗari, irin waɗanda ake kawo masa a zahiri, tare da amsar da ya yarda da ita. A ba masu gasa kashi ɗaya cikin uku su yi atisaye, a kulle sauran sai ranar hukunci. A cikin waɗanda aka kulle, a saka wasu da ba su da amsa a kundin da aka bayar, domin a ga ko manhajar za ta ce ba ta sani ba ko za ta yi shaci-faɗi.

Wannan gwaji na ƙarshe yana da dalili. Irin waɗannan manhajoji suna aiki ne ta hanyar hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, saboda haka suna iya tsara ƙarya cikin lafazi mai daɗi ba tare da wata alamar shakka ba. A 2023 wata kotun tarayya a birnin New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 bayan sun gabatar mata da hukunce-hukuncen shari'a da ChatGPT ya ƙaga, waɗanda ba su taɓa wanzuwa ba. Manhajar da za ta gaya wa sabon ɗalibi ranar rufe rajista ba daidai ba ta fi rashinta illa, don haka a rage maki mai yawa a kan ƙagaggiyar amsa, fiye da abin da ake ragewa idan manhajar ta amsa cewa ba ta sani ba.

Mataki na uku: a rubuta dokoki a fili

Abubuwa uku ne ba a barin su sai an fara. Na farko shi ne bayanan mutane. Kamfanin fina-finai na Netflix ya buɗe gasar dala miliyan ɗaya a 2006 domin inganta hasashen fim ɗin da mai kallo zai so, ya saki bayanan masu kallonsa bayan ya cire sunayensu, amma masu bincike biyu daga Jami'ar Texas suka nuna cewa ana iya gano wasu daga cikinsu ta hanyar kwatanta bayanan da abin da mutanen suka wallafa a wani shafin, kuma a 2010 kamfanin ya soke zagaye na biyu na gasar. Saboda haka kada a miƙa wa masu gasa sakamakon jarrabawa ko bayanan asibiti na ɗalibai ko da an goge sunaye, kuma a hana ɗora takardun jami'a na sirri a kan manhajojin kamfanonin waje. Na biyu shi ne mallaka: a faɗa tun farko ko aikin na ɗaliban ne, ko na jami'a, ko na haɗin gwiwa. Na uku, kowace tawaga ta bayyana manhajar da ta gina aikinta a kai da kuma inda ta samo bayanan horarwa. Hukumar UNESCO ta fitar da jagora kan amfani da wannan fasaha a harkar ilimi da bincike a watan Satumba na 2023, kuma yana da kyau kwamiti ya duba shi kafin ya rubuta nasa.

Mataki na huɗu: a daidaita kayan aiki, a gauraya tawagogi

Idan aka bar kowa da aljihunsa, ɗalibin da ke iya biyan kuɗin manhaja mafi ƙarfi zai sha gaban wanda ya fi shi basira. Jami'a ta ba kowace tawaga kaso iri ɗaya na lokacin kwamfuta mai ƙarfi ko na kuɗin amfani da manhaja, ta kuma nuna musu hanyoyin da ba su da tsada, kamar manhajojin Llama da Mistral da ake iya saukewa daga shafin Hugging Face, da kuma Google Colab, inda ake aron kwamfuta ta intanet. A sharɗanta cewa kowace tawaga ta mutum uku zuwa biyar ta ƙunshi aƙalla ɗalibi ɗaya daga wajen sashen kimiyyar kwamfuta, domin ɗalibin shari'a ko na harshe ko na aikin jinya shi ne yakan fara hango inda amsar na'ura ta kauce. Game da lokaci kuwa, mako shida zuwa takwas a tsakiyar zangon karatu, nesa da jarrabawa, ya fi gasar kwana biyu da ake kwana a zaune, tun da sai da lokaci tawaga za ta iya kai aikinta ga masu amfani da shi, ta ji ƙorafinsu, ta dawo ta gyara.

Mataki na biyar: ranar hukunci

Alƙalai su haɗa da malamin fannin, da wakilin ofishin da ya kawo matsalar, da wani masani daga wajen jami'a, kuma duk wanda ya horar da wata tawaga ya janye daga yi mata hukunci. A fara gudanar da ɓoyayyar jarrabawar a rubuta makinta kafin a saurari jawabin kowa, kuma alƙalan su riƙa shigar da tambayoyi da hannunsu, kada a karɓi bidiyon da aka riga aka naɗa. Kaso mafi tsoka na maki ya tafi ga sakamakon jarrabawar, sauran a raba tsakanin sauƙin amfani, da kuɗin da tafiyar da manhajar zai ci a wata, da gaskiyar tawagar wajen bayyana inda aikinta yake da rauni.

Mataki na shida: abin da ke biyo bayan kyauta

A raba kyautar gida biyu, a bayar da rabi a wurin biki, a riƙe rabi har sai tawagar ta girka aikinta a ofishin da ya nema, ya yi zango guda ana amfani da shi a ƙarƙashin kulawar wani malami. Idan a shekarar farko babu wanda ya kai matakin da aka gindaya, kada a sassauta shi don a samu wanda za a ɗauka hoto da shi. A gasar motoci masu tuƙa kansu da DARPA, hukumar binciken fasahar tsaro ta Amurka, ta shirya a 2004 babu motar da ta kai ƙarshe, wadda ta fi nisa ma ba ta cika kilomita 12 ba, amma da aka maimaita a 2005 motoci biyar suka kammala tafiyar kilomita 212, Jami'ar Stanford ta zo ta ɗaya. Abin da kwamiti zai yi a irin wannan hali shi ne ya aika wa kowace tawaga makinta da bayanin inda ta faɗi, ya saki tambayoyin bana domin atisaye, ya sa ofisoshin su fara tara sababbin da za a kulle, sannan ya sanar da ranar gasar baɗi kafin ɗalibai su tafi hutu.