Sabon zuwa Landan, dakata kafin ka sa fartanya a bayan gidan haya

Bahaushe ko ina ya je da noma a jininsa. Abin yana burge ni: mutum ya dawo daga aikin dare a gajiye, amma sai ya leƙa tukunyar attaruhunsa a bakin taga kafin ya kwanta. Abin da ke ɓata min rai shi ne sababbin zuwa ba sa tambaya. Kowace bazara sai an samu wanda ya haƙe ciyawar mai gida, ya watsa iri, daga baya ya zo yana kuka.

Katin jirgin ƙasa, rajistar likita da asusun banki, waɗannan kowa zai nuna maka. Abin da ba a faɗa shi ne akwai inda ake koyon noman ƙasar nan kyauta. Ka hau jirgin layin District ka sauka a Putney Bridge, ka taka zuwa Fulham Palace a bakin kogin Thames. Tsohon gidan bishop-bishop ɗin Landan ne, filin ya shiga hannunsu tun shekarar 704, ba su bar zama a can ba sai 1973. Yanzu lambun a buɗe yake ga kowa, ba a biyan kuɗin shiga. A cikin lambun da aka kewaye da katanga ana noman kayan miya, ga itatuwan tufa, ga amyar zuma, kuma masu aikin sa kai suna aiki tare da ma'aikatan lambun. Ka tsaya ka kalli yadda suke tara busasshen ganye da ɓawon kayan miya har ya ruɓe ya zama baƙin taki. Ka tambaye su yaushe sanyin da ke ƙona tsiro yake wucewa. Za su ce ka haƙura da fitar da tumatir waje sai wajen tsakiyar Mayu. Alayyahu yana yi da zafin bazara, amma kuɓewa sai a ɗakin gilashi. Ka kai yara ma, su san ba a tsinkar fure ko ganye a irin wuraren nan.

To, ga inda ya fi ciwo. Filin bayan gidan da kake haya ba naka ba ne. Karanta yarjejeniyar haya, yawanci an rubuta cewa ka mayar da lambu yadda ka same shi. Ni mai gidana na farko da bakinsa ya ce in shuka abin da nake so. Ranar tashi ya fito da hotunan da aka ɗauka lokacin da na shiga, ya nuna kunyoyin da na yi, ya zaftare kuɗin ajiyata, wato kuɗin jinginar da na biya lokacin kama haya, da sunan sake dasa ciyawa. Maganar baki ba ta aiki a nan, ɗan'uwa. In ya yarda, ya rubuta maka a imel. Kai ma ka ɗauki hoton kowane lungu ranar da ka karɓi makulli. A Ingila, tun dokar 2019, kuɗin ajiya ba ya wuce hayar mako 5 a yawancin gidaje, kuma dole mai gida ya sa shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, ya sanar da kai inda yake. In ya cire abin da bai dace ba, a can za ka kai ƙorafi, ba ka biyan ko sisi. Da yawanmu kunya ke hana su, su ce sun bar wa Allah, alhali haƙƙinsu ne. Mafi sauƙi dai ka yi shukarka a tukwane, ka kuma sa sunanka a layin neman fulotin noma na ƙaramar hukuma tun yau, don a Landan jiran yakan kai shekaru.

Ɗalibai, ku kula da biza kafin ku shiga aikin sa kai. Wanda za ka je in ka samu sarari daban yake da wanda aka yanka maka awanni aka ɗora maka nauyi. Na biyun yana shiga lissafin awa 20 da aka yarje wa mai karatun digiri a mako lokacin karatu. Tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku tukuna.

Sannan don Allah a daina cewa Hajiya ta ƙullo irin yakuwa da rama a cikin jaka. Shigo da irin shuka daga Najeriya ko Nijar sai da takardar shaidar lafiyar tsiro, in babu ana iya ƙwacewa a filin jirgi. Ana samun irin alayyahu da kuɓewa a wurin masu sayar da iri a nan.