Yadda za ka yi aiki daga gida ba tare da ya cinye ka ba, kuma buro ba ta manta da kai ba

Tun korona ta 2020 aiki daga gida ya shigo mana arewacin Kamaru kuma bai koma ba. Yanzu a Garwa da Marwa da Ngaundere akwai matasa masu fassara, masu shigar wa ƙungiyoyin agaji bayanai a kwamfuta, masu lissafin kuɗi, patron ɗinsu, wato shugaban aikinsu, na Yawunde ko Duwala wasu ma na Faransa, sai dai a ji murya a waya. Jama'a gani suke hutu ne, wai kana ɗaki albashi na shigowa. Wallahi ba hutu ba ne, in ba ka tsara shi ba sai ya gajiyar da kai fiye da zuwa buro, wato ofis.

Masana halayyar ma'aikata sun daɗe suna bin wannan abu. Wani farfesa na jami'ar Stanford a Amurka, Nicholas Bloom, ya gwada shi a kamfanin Ctrip na ƙasar Sin da ma'aikatan amsa kiran waya har wata 9, waɗanda suka zauna gida aikinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin 100 kuma masu ajiye aiki suka ragu da rabi, toh amma an rage yi musu ƙarin girma, da aka gama gwajin kuma wajen rabinsu suka ce su dai a mai da su buro, kaɗaici ya ishe su. Kaga kenan matsalar ba ƙwazo ba ce, matsalar ita ce wanda ba a gani mantawa ake da shi.

Fara da lokacin tashi daga aiki, shi ne ya fi komai. Wata masaniya Bajamushiya, Sabine Sonnentag, ta nuna cewa jiki ba ya hutawa matuƙar zuciya na kan aiki, ko kana kwance ne. Ka tsai da lokaci ɗaya ka faɗa wa patron a rubuce, misali kiran magariba, da an kira ka rufe kwamfuta ka sa ta a jaka ka zuge zip, kar ka bar ta buɗe kan tabarma tana kallonka. Gurup ɗin WhatsApp na aiki ka kashe masa ƙara, in da hali ma ka ware masa nasa layin. Kuma kar ka ji kunya dan Allah, dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 awa 40 ta sa a mako ga aikin da ba na noma ba, Faransa kuwa tun 2017 take da dokar haƙƙin ma'aikaci ya rabu da saƙonnin aiki bayan an tashi. Hukumar lafiya ta duniya da ƙungiyar ƙwadago ta duniya sun fitar a 2021 cewa mai yin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin 100. Wannan ba abin wasa ba ne.

Sai mutanen gida. Mu gidajenmu cike suke, ga yara ga baƙi ga mai sallama a zaure, kuma ba za ka ƙi amsa sallama ba. Mata abin ya fi shafa, da an ga kina ɗaki shikenan an ɗauka ba ki da abin yi, ke ce girki ke ce aike ke ce rainon ɗan maƙwabciya. Ki zauna da maigida da uwar miji cikin ladabi tun kafin rai ya ɓaci, ki ce Mama daga ƙarfe 8 zuwa azahar ina buro ne ko da kin gan ni a ɗaki, bayan azahar duk abin da kike so ina nan. Manya in an faɗa musu da girmamawa su ne ma za su riƙa korar miki yara daga bakin ƙofa.

Kuran da rezo, wato wutar lantarki da sabis ɗin waya, kowa ya san halinsu, balle watan Maris da Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 ruwan dam ɗin Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya a shiga rabon wuta unguwa unguwa. Aikin da ke son natsuwa ka yi shi bayan asuba da sanyin safiya, ka cika batir duk sanda wuta ta zo, ka riƙe layi biyu na kamfani daban daban. Abu mafi muhimmanci ka sanar tun kafin a neme ka, don wanda ke zaune cikin sanyin buro a Yawunde in ya kira sau biyu bai samu ba abin da zai fara zo masa a rai shi ne barci kake.

Toh batun mantuwa fa. Duk ƙarshen mako ka tura wa patron layi huɗu ko biyar, ga abin da na gama, ga inda na maƙale, ga abin da zan kama Litinin. Ka nemi ya riƙa kiranka kai kaɗai ko minti 15 ne, kuma ka tambaye shi kai tsaye me ake dubawa wajen ƙarin girma. In akwai buro kusa da kai ka riƙa leƙawa. Shi Bloom ɗin ya sake wani gwajin da ma'aikata 1,612 wanda ya fito a 2024, kwana biyu a gida uku a buro, masu barin aiki suka ragu da kashi ɗaya cikin uku kuma ƙarin girma bai taɓu ba. Ni a ganina wannan haɗin shi ya fi dacewa da mu. In babu buro ka samu abokin sana'a ku riƙa haɗuwa ku sha shayi, kar ka yini ba ka yi magana da kowa ba sai allo.

Ku kuma masu riƙe da ma'aikata, rabin nauyin a wuyanku yake. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta nuna tun 1999 cewa ƙungiyar da mutum zai ce ban gane ba ko na yi kuskure ba tare da tsoron a muzanta shi ba ita ta fi koyon aiki. A taron intanet ku fara ba na nesa dama su yi magana kafin na cikin ɗaki, ku bari a kashe bidiyo don megan intanet na mutumin Kuseri ko Mokolo daga aljihunsa yake fita, bayan taro ku tura abin da aka yanke a rubuce saboda wanda rezo ya yanke masa da wanda ba ya ji sosai. Wanda Faransancinsa bai nuna ba ku bar shi ya turo saƙon murya da Hausa ko Fulatanci wani ya fassara, sau da yawa shi ne ya fi kowa sanin abin da ke faruwa a ƙauyukan. Kar a sa taro lokacin sallar Juma'a ko dab da buɗa baki a azumi, kuma idan aka zo rabon horo da tafiye tafiye ku ɗauko jerin sunayen ma'aikata gaba ɗaya ku duba, ba waɗanda kuke haɗuwa da su a bakin ƙofa kaɗai ba.