An Hauro Firimiya: Kurakuran da Ke Mayar da Ƙungiya Inda Ta Fito

A shekarar 2023 ƙungiyoyi huɗu ne suka baro gasar Super 8 (wadda ƙungiyoyi takwas na rukuni na biyu ke bugawa don neman haurowa) a Asaba da tikitin shiga Firimiyar Najeriya a hannu: Kano Pillars, Katsina United, Heartland ta Owerri da Sporting Lagos. Kafin shekara ta zagayo, Heartland da Sporting Lagos sun sake faɗawa. El-Kanemi Warriors ma ta ɗanɗana irin wannan: ta hauro a 2022, ta faɗa a 2023, sai a 2024 ta sake dawowa. Ni ɗan Pillars ne, kuma duk wanda ƙungiyarsa ta taɓa kwana a ajin gajiyayyu ya san ranar haurowa ba ta da na biyu. Sai dai abin da nake gani shekara da shekaru shi ne, yawancin ƙungiyoyin da ke komawa tun kafin a take wasan farko suke ɗaure wa kansu ƙafa, kuma kurakuran ba sa canjawa. Wannan rubutu na shugabannin ƙungiyar da ta hauro ne, da kuma mu 'yan uwa masu cika filin wasa, don mu ma muna da namu kason.

Kuskuren da ake farawa da shi shi ne barin biki ya cinye lokacin shiri. A je gidan gwamnati a gabatar da 'yan wasa ga Mai Girma Gwamna, a je fada a yi gaisuwa, a yi walima, a yi alƙawura. Duk wannan ya dace, yaran sun cancanta. Amma a 2023, tsakanin kammala Super 8 da fara Firimiya kusan wata uku ne kawai. Idan wata guda ya tafi a hidima, wani watan ya tafi ana jiran a saki kuɗi, me ya rage? Lokacin da ka farka, 'yan wasan kirki duk sun sa hannu a wasu ƙungiyoyin, sai ragowar kasuwa. Gyaran mai sauƙi ne a faɗa: a makon da aka hauro a zauna a yanke abu uku, wa zai horar da ƙungiya, nawa ake da shi a hannu, kuma wane fili za a gabatar wa masu duba filaye. Na ukun nan shi aka fi mantawa. Ƙungiyar da filinta bai tsallake dubawa ba za ta fara kaka tana buga wasannin "gida" a wata jiha, babu 'yan kallonta, ga kuɗin masauki duk mako.

Sai babban kuskure, wanda ya fi ci mini rai: wargaza yaran da suka yi aikin. Ana haurowa sai ka ji an ce "waɗannan ba 'yan Firimiya ba ne", a sallami rabi ko fiye, a buɗe gwaji. Wanda ya taɓa zuwa wajen irin wannan gwajin ya san yadda yake. Samari sun cika bakin fili tun da asuba, kowa da takalminsa a leda, ana raba su rukuni-rukuni ana ba kowa minti ashirin. A gefe ga dillalan 'yan wasa, kowa da waya a hannu yana nuna wa Ciyaman bidiyon ƙwallon da yaronsa ya ci shekara uku da suka wuce. Koci na zaune, an miƙo masa takarda mai ɗauke da sunayen da aka ce "daga sama" suka zo. A haka ake haɗa mutum ashirin da ba su taɓa buga wasa tare ba, a ce su je Aba su tare Enyimba.

Masu bin Firimiyar Ingila sun ga wannan da idonsu. Fulham ta hauro a 2018, ta kashe sama da fam miliyan 100 wajen sayen 'yan wasa, ta koma a kakar. Nottingham Forest ta ɗebo fiye da 'yan wasa 20 a 2022, har da Taiwo Awoniyi. Ta tsira da ƙyar, amma a 2024 aka cire mata maki 4 saboda ta wuce iyakar asarar da doka ta yarda. Idan masu fam miliyoyi sun ji jiki, ina ga ƙungiyar da ke jiran ma'aikatar kuɗi ta jiha?

Abin yi shi ne a riƙe ƙashin bayan ƙungiya: gola, 'yan baya biyu na tsakiya, mai riƙe tsakiya da kyaftin. Waɗannan sun san juna, wani ya san inda ɗan uwansa zai tsaya ba tare da ya ɗaga kai ba, kuma wannan sanin ba a sayensa a kasuwa. Sannan a ƙaro mutum biyar ko shida a wuraren da kowa ya ga rauni, a fifita waɗanda suka taɓa buga Firimiya, suka san yadda ake riƙe canjaras a Fatakwal idan saura minti goma 'yan kallo sun tayar da ƙura. A ɗauki ɗan gaba guda da aka tabbatar yana cin ƙwallo, ko da shi zai fi kowa albashi. Dattijo guda a cikin ɗakin sauya kaya ma yana da rana. Mu a Kano mun ga amfanin Rabi'u Ali Pele, wanda har bayan ya haura shekara 40 yana ci wa Pillars ƙwallaye, yana kuma kwantar wa yara da hankali idan wasa ya yi zafi.

Akwai kuma masu faɗawa ɗaya ramin, su ce ba za a taɓa kowa ba saboda kunya da halacci. Wannan ma cuta ce. Ɗan bayan da gudu ya ƙare masa, a rukuni na biyu zai iya ɓoyewa, a Firimiya mako biyu ya isa a gano shi, kowane koci ya riƙa turo masa yaro mai gudu ta gefensa. A biya shi haƙƙinsa cif, a yi masa godiya a bainar jama'a, a taimaka masa ya samu wata ƙungiyar. Halaccin ke nan.

Maganar koci ba ta da tsawo. Ko dai a bar wanda ya hauro da ƙungiya, a ba shi wa'adi na gaskiya, ko a canza shi nan take tun kafin a fara sayen 'yan wasa. Pillars ta bi hanya ta biyu a 2023: Evans Ogenyi ya dawo da ita, aka ɗauko Abdu Maikaba kafin a fara kaka, kuma ta zauna. Abin da ba ya haifar da ɗa mai ido shi ne a bar koci ya zaɓi 'yan wasansa, ya yi atisaye da su, sannan a wasa na biyar a ba shi wa'adin wasa uku, a na takwas a kore shi. Sabon da zai zo zai tarar da yaran da ba shi ya zaɓa ba, kuma kasuwa a rufe.

Tafiya kuwa ana raina ta, alhali tana cin maki fiye da yadda ake zato. A rukuni na biyu an raba ƙungiyoyi Arewa da Kudu, don haka ɗan Kano ko Katsina yawancin tafiyarsa ba ta wuce wuni guda. A Firimiya ƙungiyoyi 20 ne, wasa 38, kuma 19 daga ciki a waje, irin su Fatakwal, Aba, Inugu, Benin, Ibadan, Ikenne. Daga Kano zuwa Fatakwal kimanin kilomita 1,000 ne a mota. Ka dubi ɗan wasan da ya sauko daga bas bayan irin wannan tafiyar: ƙafa ta kumbura har igiyar takalmi ba ta ɗauruwa da daɗi, baya ya riƙe, abincin da ya ci tun safe burodi ne da lemo a tasha. Gobe da ƙarfe huɗu ana so ya yi gudun minti casa'in. Idan aka sha kashi sai mu ce yaran ba su da zuciya. A sa kuɗin tafiya a kasafi tun farko, a isa gari kwana biyu kafin wasa idan hanya ce mai nisa, a nemi jirgi ga tafiye-tafiye uku ko huɗu mafi tsawo, kuma bas ta ga bakanike kafin ta tashi. Tsaron hanya ma a ɗauke shi da muhimmanci. Ba mu manta da watan Maris na 2015 ba, lokacin da 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja tana kan hanyar Owerri, 'yan wasa suka ji rauni. Rayuwar yaran nan ta fi maki uku.

Sai albashi. Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, kuɗinsu yana bin takarda daga tebur zuwa tebur. Kuskuren shi ne a ruɗi ɗan wasa da babban adadi don ya sa hannu, alhali ba a san inda kuɗin wata na huɗu zai fito ba. Ɗan wasan da ke bin bashin wata uku, mai gidan haya na kiransa, matarsa na kiransa, ba zai sa ƙafarsa inda za a karya ta ba, kuma ni ban ga laifinsa ba. Daga nan ne ma ake fara jin raɗe-raɗin an sayar da wasa. Gara a yi alƙawarin abin da za a iya biya, a biya shi ranar da aka ce. Alawus ɗin cin wasa a ba da shi kafin wasa na gaba, don a lokacin yake da tasiri. Bashin tsofaffin 'yan wasa da koci kuma a share shi, domin ƙara ɗaya a gaban hukuma na iya jawo a hana ƙungiya rajistar sababbi a daidai lokacin da take buƙata.

Yanzu na zo kanmu, magoya baya, kuma a nan zan fi tsayawa domin abin ya taɓa gidana.

Kowa ya san a gasarmu cin wasa a waje abu ne mai wuya. Ƙungiyar da ta hauro da wasannin gida take rayuwa. Wasa 19 a gida maki 57 ke nan, kuma kusan duk abin da zai hana ta faɗawa cikin huɗun ƙarshe, masu komawa rukuni na biyu, yana cikinsu. To mu da kanmu muke zubar da wannan arziƙi. A watan Afrilun 2022, Pillars ta karɓi Katsina United a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Wasan bai ƙare ba, aka shiga fili, aka farfasa motar baƙi. Hukuncin da ya biyo baya: tara, cire maki 3, da kora zuwa Abuja. Daga baya a kakar aka sake cire wasu maki 3 saboda cin zarafin mataimakin alƙalin wasa a karawa da Dakkada. A ƙarshen kaka, ƙungiyar da ta ci kofin Firimiya a 2008, 2012, 2013 da 2014 ta faɗa rukuni na biyu, ita da Katsina United ɗin. Waɗanda suka yi jifan sun tafi gida sun yi barcinsu, yaran da ke cikin fili su suka biya.

Abin yana farawa da ƙarami. Alƙalin wasa ya hana fenariti, wani ya wurga ledar ruwa, na kusa da shi ya wurga gora, na bayansu ya ɗauki dutse. Kwamishinan wasa yana zaune yana rubutawa, kyamara tana ɗauka, kuma rahoton nan shi za a karanta a yanke hukunci. Ba wanda zai tambayi ko fenaritin gaskiya ne. Don Allah 'yan uwa, wanda ya wurga ledar farko shi ne abokin gaba, ko da rigarmu ce a jikinsa. Ƙungiyar magoya baya ta ware dattawa da samari masu jin magana a kowane ɓangaren zama, da riga ta daban, su tare abu tun yana ƙarami. Shugabanni su daina raba tikitin kyauta ga 'yan daba don su "tsorata baƙi". A raba ƙofar shigar baƙi da ta jama'a, a ajiye motarsu inda jami'an tsaro ke gani. Idan an zalunce mu a fili, akwai hanyar rubuta koke tare da bidiyo. Tana da jinkiri, wani lokaci ba ta biya, amma ba ta taɓa cire wa kowa maki ba.

Zagin ɗan wasanmu ma kuskure ne da muke yi muna ganin kishi ne. Yaro ɗan shekara 20 da ya fito daga rukuni na biyu, ya ɓarar da ƙwallo ɗaya, fili gaba ɗaya ya ɗauki ihu a kansa, a bi shi Facebook da zagin iyaye. Mako mai zuwa ko an ba shi ƙwallo, baya zai mayar.

Duk wannan yana komawa ga burin da aka sa a gaba. Ciyaman ya hau rediyo ya ce bana kofin Afirka za mu, mu kuma mu hau kai mu zauna, wasa shida babu nasara sai a fara neman wanda za a kora. Gaskiya ne akan samu mai haurowa ta ba da mamaki: Bendel Insurance ta hauro a 2022 ta ɗauki kofin ƙalubale a 2023, Ikorodu City ta hauro a 2024 ta ƙare a sahun gaba. Amma ni Remo Stars nake so a duba. Ta buga Firimiya a 2017 ta faɗa, ta dawo a 2019 ta sake faɗawa. Mai ita, Kunle Soname, bai watsar da aikin ba. Ya ci gaba da gina fili da makarantar horar da yara a Ikenne. Ta dawo a 2021, ta yi ta uku, ta yi ta biyu sau biyu a jere, a 2025 ta ɗaga kofin. Heartland kuwa ta faɗa a 2024, ta samu gurbin ƙungiyar Beyond Limits, wadda ta hauro a shekarar, ta zauna ba tare da ta buga rukuni na biyu ba, sannan a 2025 ta sake faɗawa, domin gurbi kawai ta samu, abin da ya kayar da ita yana nan.

Don haka a kakar farko a faɗa wa jama'a gaskiya: burinmu mu ƙare sama da huɗun ƙarshe. A raba kakar kashi-kashi, a duba maki bayan kowane wasa biyar, a san su waye abokan gwagwarmayar ƙasan teburi, domin wasa da su ya fi wasa da mai jan ragama muhimmanci. Kuma kada a ƙarar da kuɗin saye duka kafin a fara. A ajiye wani abu don hutun rabin kaka, lokacin da an riga an ga inda ƙungiya ke yoyo, an kuma san waɗanne 'yan wasa ne ke zaman benci a manyan ƙungiyoyi suna neman inda za su buga, ko da a matsayin aro ne.