Yadda Ake Gano Mai Korona da Kula da Shi a Ƙaramin Asibitin Unguwa a Legas

A Legas aka fara tabbatar da cutar korona a Najeriya, ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a jikin wani ɗan Italiya, aka kwantar da shi a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Yaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓaci a kanta ranar 5 ga Mayu, 2023, amma ƙwayar cutar tana nan, kuma har gobe tana kayar da dattawa da masu ciwon suga. Mutumin Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago kuwa ba Yaba yake fara nufa ba. Kemis yake farawa, sai abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya zo ƙaramin asibitin unguwa. Ga yadda ya kamata aikin ya tafi a irin wannan asibitin.

Mataki na farko: tun daga bakin ƙofa

Kada mai tari da zazzaɓi ya shiga layin yankar kati tare da masu awon ciki. A ba shi takunkumi, a zaunar da shi gefe inda iska ke kaɗawa, da tazarar aƙalla mita 1 tsakaninsa da kowa. Nas ta sa takunkumi ita ma, ta wanke hannu kafin ta taɓa shi da bayan ta taɓa shi.

Sai tambayoyi, kuma a samu mai jin Hausa ya yi su. "Baba, yau kwana nawa da fara jikin? Kana jin ƙanshin abinci da ɗanɗanonsa? Akwai mai tari a gida ko a rumfa? Akwai suga ko hawan jini?" Tambayar kwanaki ta fi kowace muhimmanci, domin korona ta fi rikicewa a mako na biyu, daidai lokacin da mutum yake zaton ya fara samun sauƙi.

Mataki na biyu: awon oksijin

A nan ne ake raba wanda zai koma gida da wanda za a kwantar. A maƙala masa na'urar awon oksijin a yatsa, a jira lambar ta tsaya cak, sannan a ƙirga numfashinsa na cikakken minti ɗaya. Idan lambar ta gaza 90, ko numfashi ya haura 30 a minti, cutar ta yi tsanani, iskar oksijin yake bukata nan take, ba sai an jira sakamakon gwaji ba. Daga 90 zuwa 93 ma ba mutumin sallama ba ne. A sa masa ido, a maimaita awon bayan ya ɗan taka a ɗaki.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, mai korona yana iya zama yana hira, har yana amsa waya kan farashin raguna, alhali oksijin ɗinsa ya faɗi ƙasa. Dattijonmu kuma ko yana shan wuya "da sauƙi" zai ce. Saboda haka ba a dogara da baki ko da kallon fuska.

Ita ma na'urar a bi ta da hankali. Bincike ya nuna tana iya ba da lambar da ta fi ta gaskiya a jikin mai baƙar fata, wato mu ke nan. Yatsa mai sanyi, ko farce mai jan farce ko baƙin lalle, duk suna ɓata awo. A ɗumama hannun, a sake yatsa. Idan lamba ta ce lafiya amma mutum yana haki, a yarda da hakin.

Mataki na uku: gwaji

A ɗauki majina ta hanci a yi gwajin nan-take, wanda ke fita cikin minti 15 zuwa 30. Ya fi kama cutar a kwana 5 zuwa 7 na farko. Idan bai nuna ba alhali alamu sun yi ƙarfi, a aika samfuri ɗakin gwaje-gwaje a yi gwajin PCR, wanda ya fi na nan-take gano ƙwayar cutar. A haɗa da gwajin zazzaɓin cizon sauro, amma fa samunsa bai wanke mutum daga korona ba, su biyun suna haɗuwa a jiki ɗaya. Tarin da ya wuce mako biyu, da rama da gumin dare, a nemi tarin fuka. A auna suga. Wanda aka tabbatar yana da korona a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko a kira hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, a lamba 6232.

Mataki na huɗu: magani

Mai ƙaramin ciwo gida zai koma: farasitamol, ruwa da yawa, abinci, hutu, da killace kai na kwana 10 daga ranar da ciwon ya fara. A Legas, inda mutum shida ke kwana ɗaki ɗaya, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. A ce masa ya kwana kusa da taga a buɗe, ya sa takunkumi, ya ɗan dakata da zuwa jam'i. A faɗa wa iyalinsa abin da zai sa su dawo da shi ko da tsakar dare: haki, ciwon ƙirji, ruɗewa, ko kasa cin abinci da shan ruwa. Wanda ya ce zai hau mota ya tafi Arewa a yi masa na gida, a lallashe shi ya haƙura. Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne a mota cike da jama'a, babu silindar oksijin a hanya.

Wanda aka kwantar, oksijin ne maganinsa na farko. A fara da robar hanci har zuwa lita 5 a minti. In bai haura 90 ba a koma takunkumin fuska, lita 6 zuwa 10, sannan takunkumi mai jakar tara iska, lita 10 zuwa 15. Mai ciki a riƙe ta sama da 92. In yana cikin hayyacinsa a taimaka masa ya kwanta rub da ciki na wasu awanni, yana juyawa, domin hakan yana buɗe bayan huhu. Injin tace oksijin da wuta yake aiki, don haka a tanadi silinda cike a kusa saboda ɗauke wuta.

Sai maganin rage kumburi, deksametason, miligiram 6 sau ɗaya a rana, har zuwa kwana 10. Babban gwajin da aka yi a Birtaniya a 2020 ya nuna yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan injin numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga masu shaƙar oksijin. Ga wanda ba ya bukatar oksijin kuwa ba shi da amfani, yana ma iya cutarwa. Yana tayar da suga, dole a riƙa aunawa. Korona tana sa jini ya daskare a jijiya, shi ya sa ake yi wa wanda aka kwantar allurar tsinka jini irin su enoksafarin, in ba shi da matsalar zubar jini.

Akwai abubuwan da nake roƙon a daina. 'Yan'uwa za su matsa a yi ƙarin ruwa, domin a wurinmu in ba a rataya leda ba kamar ba a yi magani ba. Ruwa fiye da kima yana taruwa a huhun da dama ya jigata. Kulorokwin ba ya maganin korona, kuma a Maris 2020 an kwantar da mutane a Legas saboda sun sha shi ya wuce ƙa'ida. Maganin kashe bakteriya ma ba a ba da shi sai likita ya ga alamar wata cuta ta hau kai.

Dubiya kuma a taƙaita ta: mai jinya ɗaya, da takunkumi, kuma kada ya zama tsoho ko mai ciki. A bayyana wa dangi dalili cikin mutunci, a riƙa ba su labari ta waya, in ba haka ba za su ɗauke mara lafiyarsu su tafi.

Mataki na biyar: sanin lokacin turawa gaba

Idan ana ba shi lita 10 zuwa 15 amma ya kasa kaiwa 90, ko ya fara ruɗewa, ko jininsa ya faɗi, ko fitsari ya ɗauke, ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti. A kira babban asibiti irin su LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja a tabbatar akwai gado kafin a tashi. A rubuta ranar da ciwon ya fara, da awon oksijin, da magungunan da aka ba shi. Nas ta bi motar, a ɗauki oksijin da zai isa ninkin lokacin tafiyar, saboda cunkoson hanyar Legas.