Kurakuran da ake yi kan 'yan hokin ƙanƙara da suka buga wasa ɗaya ko biyu a NHL

Masu bin wasan hoki na ƙanƙara a cikinmu ba su da yawa, amma duk sanda aka taɓo maganar 'yan wasan da suka leƙa gasar NHL ta Amurka da Kanada suka fita, sai ka ji ana ta maimaita kurakurai iri ɗaya, kuma abin yana damuna don ana zaluntar mutanen da suka sha wahala sosai kafin su kai wurin.

Babban kuskuren shi ne mutum ya buɗe shafin ɗan wasa a intanet ya ga an rubuta wasa 1, shi ke nan ya yanke hukunci wai bai iya ba. Duba shekarar tukuna. Daga 1942 zuwa 1967 ƙungiyoyi 6 ne kacal a NHL, yau kuwa 32 ne, to ka ga guraben nawa ne a lokacin? Ga Larry Kwong, ɗan asalin Sin haifaffen Kanada, ranar 13 ga Maris 1948 New York Rangers suka tafi da shi Montreal, ya zauna a benci yana jira har wasa ya kusa ƙarewa sannan aka saka shi, kusan minti ɗaya ya yi a kan ƙanƙara, ba a ƙara kiransa ba har abada. Wannan mutumin ya koma gasar Quebec tare da Valleyfield Braves, a 1951 aka zaɓe shi gwarzon gasar baki ɗaya, daga baya ya je Ingila da Siwizalan ya buga har ya koyar. Wanda bai iya ba ba ya zama gwarzo. Zamanin wariyar launin fata ne, kuma a ganina duk wanda ya ba da labarin Kwong bai faɗi wannan ba to rabin labari ya bayar. Haka Willie O'Ree, baƙar fata na farko a NHL a 1958, wasa 45 ya buga wa Boston amma ya ci gaba da murza leda, ko in ce ƙanƙara, a ƙananan gasa har 1979 da ido ɗaya, don na damansa ya mutu tun yana matashi. Gyaran mai sauƙi ne: ka gangara ƙasan shafin ka karanta layukan ƙananan gasa irin su AHL, nan rayuwar mutumin take.

Sai kuskuren duba layin kakar wasa kawai. Don Cherry, mai sharhin hoki da duk Kanada ta sani a talabijin, wasu na cewa bai taɓa buga NHL ba saboda layin nasa babu komai. Ya buga, sau ɗaya, a 1955 wa Boston Bruins, amma a wasannin neman kofi na ƙarshen kaka ne, su kuwa daban ake lissafa su. Daga baya ma shi ya zama kocin Bruins ɗin.

Akasin haka ma ana yi, wato a lissafa wasan da ba na hukuma ba. Manon Rhéaume ta tsare wa Tampa Bay Lightning raga a 1992 a wasan da suka yi da St. Louis Blues, tarihi ne babba ga mata, amma wasan share fage ne na kafin kaka kuma ba ya shiga ƙididdigar hukuma. Faɗi haka yadda yake, ba ya rage mata komai, ta ci azurfa da Kanada a gasar Olamfik ta 1998.

Wani abin da ake cakuɗawa shi ne golan gaggawa da ƙwararren da ya kasa samun gurbi. A NHL akwai mutum guda da ake ajiyewa a filin wasa ko da gololin wata ƙungiya duka biyu za su ji rauni. Scott Foster akanta ne mai shekara 36, ya tashi daga ofis a watan Maris 2018 ya ƙare a ragar Chicago, minti 14, aka buga masa 7 ya tare duka. David Ayres kuma mai shekara 42, wanda aka taɓa yi wa dashen ƙoda, direban motar gyaran ƙanƙara, ya shiga wa Carolina a Toronto ranar 22 ga Fabrairu 2020, biyun farko da aka buga masa duka suka shige, sai ya natsu ya tare 8 da suka biyo baya, Carolina ta ci 6-3. Waɗannan ba sana'arsu ce ta yanke ba, don Allah a daina jera su layi ɗaya da irin su Kwong da suka ba da rayuwarsu kan wasan.

Na ƙarshe ya shafi yaran yanzu. In ka ga ɗan shekara 18 ko 19 ya buga wasa 9 an mayar da shi ƙungiyar matasa kada ka yi saurin cewa an kore shi, dokar kwantiragi ce, da zarar ya buga na 10 shekarar farko ta kwantiraginsa ta fara ƙirguwa, shi ya sa ƙungiyoyi ke gwada shi su tsaya a 9. Ka jira kaka biyu ko uku kafin ka saka sunansa cikin masu gajeren zango.