Darasi na 6: Kare da Kyanwa, Abincinsu da Haɗarin Kowane Lokaci

Kare ba ya yin gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa. Saboda haka a watannin Maris zuwa Mayu kada a ɗaure shi a rana ko a ƙarƙashin rumfar kwano. Kare mai nauyin kilo 15 yana shan kusan lita ɗaya ta ruwa a yini, a bazara kuwa ya fi haka. In ka ga harshe ya zazzago, yawu na dalala, yana tangaɗi, kai shi inuwa, ka kwarara masa ruwan randa a wuya da ciki, sannan a nufi asibitin dabbobi.

Da damina kaska da ƙuma ke yawa. A riƙa duba cikin kunne da tsakanin yatsu. Maganin kaska na kare mai sinadarin famitirin yana kashe kyanwa, kada a shafa mata. Tuwon da ya kwana ya yi fumfuna a binne shi, domin gubarsa na lalata hanta.

Babbar Sallah lokaci ne mai haɗari sosai, don a nan ne ake cutar da dabba da sunan kyautatawa. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya yi tsini, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. Kitse mai yawa na kawo amai da zawo. Miya da romo kuwa albasa da tafarnuwa ke cikinsu, kuma suna farfasa jajayen ƙwayoyin jini, ko an dafa su. Kyanwa mai kilo 3, albasa giram 15 ta isa ta kwantar da ita. Alamar ba ta fitowa nan take. Sai bayan kwana biyu ko uku za a ga dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja. Goro da cakulan ma guba ne gare su. Tsokar nama da aka dafa ba gishiri ba yaji, ita ce rabonsu.

Da kaka ake zuba maganin ɓera a rumbu da ɗakin ajiya. Wani irinsa yana hana jini daskarewa, dabba ta yi kwana 3 zuwa 5 lafiya lau kafin jini ya ɓalle ta hanci ko a kashi. Kyanwar da ke cin ɓerayen da suka ci gubar ita ma tana iya kamuwa. Manja da madarar da ake ɗura wa dabba ba sa karya wannan guba, ɓata lokaci ne kawai. A ɗauki dabbar da kwalin maganin ɓeran a kai wa likitan dabbobi a ranar, akwai allurar bitamin K1 da ke magance shi. Kada kuma a ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.